Kitse a Hanta: Abinci Ne ko Magani?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, shekaruna 47. Watan jiya na je asibiti saboda wani nauyi da nake ji a gefen cikina na dama, aka yi mini hoton ciki, aka ce wai akwai kitse a hantata. Ni ban taɓa shan giya ba, kuma ba ni da wata ƙiba ta a zo a gani, sai ɗan tumbi. Shekara 3 ke nan ina shan maganin hawan jini, sannan akwai wani haɗin ƙwayoyi da nake karɓa a kemis idan gwiwa ta matsa mini. Tun da aka gaya mini na daina cin nama da man shanu gaba ɗaya. Don Allah me ke kawo wannan ciwo? Abinci ne, ko magungunan da nake sha?" In ji wani mai karatu daga Mabera.

Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Idan na fahimce ka daidai, abu biyu kake son sani: yadda mutumin da bai san giya ba, kuma bai ɗauki kansa mai ƙiba ba, zai wayi gari da kitse a hanta, sannan tsakanin abin da kake ci da ƙwayoyin da kake haɗiya wanne ya fi cancanta a tuhuma. Ra'ayina tun daga farko shi ne naman da ka ƙaurace wa ba shi ne babban mai laifi ba. Abubuwa uku suka fi jan hankalina a wasiƙarka, wato wannan tumbin da ka kira ɗan ƙarami, da sukarin da ba ka ambata ba sam, da kuma haɗin nan na kemis da ba ka san abin da ke cikinsa ba.

Abin da hoton ya nuna

Hantar baligi tana kai nauyin kilo ɗaya da rabi, kuma kowace lafiyayyar hanta tana riƙe da ɗan kitse kaɗan. Sai kitsen ya haura kashi 5 cikin 100 ake kiran abin da matsala. Na'urar hoton ciki da muke amfani da ita a asibitocinmu ba ta cika ganinsa ba sai ya taru sosai fiye da haka, saboda haka duk wanda aka ce an ga kitse a hotonsa, to abin ya daɗe yana taruwa a hankali, ba jiya ya fara ba. Hoton yana nuna hantar ta yi haske fiye da ƙodar da ke maƙwabtaka da ita, shi ke nan. Bai faɗin abin da ya kawo kitsen, kuma bai iya bambance hantar da kitse kawai ya kwanta a cikinta da wadda ta fara kumbura ko yin tabo.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar. Mafi yawan masu kitsen hanta suna rayuwa da shi ba tare da ya taɓa lalata musu hantar ba. Amma a wajen kimanin mutum 1 cikin 5, kitsen yakan tayar da kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon kuma idan ya yi shekaru yana ƙaruwa ya kai hantar ga ƙanƙancewa, wani lokaci har ga ciwon daji. Ana ƙiyasta cewa tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na manya a duniya suna da wannan lalura, kuma a 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta suka daidaita a kan cewa idan aka ga kitse a hanta tare da ɗaya daga cikin abubuwa biyar, wato ƙiba ko faɗin ƙugu, hauhawar sukarin jini, hawan jini, yawan kitsen jini, ko ƙarancin kitsen jini mai amfani, to a ɗauke shi a matsayin ɓangare na rikicewar yadda jiki ke sarrafa abinci. Idan ka ga an rubuta MASLD a takardarka, wannan ake nufi. Kai kuwa, da hawan jininka kaɗai ka riga ka cika sharaɗi ɗaya.

Daga ina kitsen yake zuwa

Kusan duk wanda na gaya wa yana da kitse a hanta, abin da yake fara yi shi ne abin da ka yi: ya yi sallama da mai tsire da mai balangu, ya hana a zuba masa man shanu a tuwo. Tunanin yana da ma'ana, domin ido yana ganin kitse a jikin nama, sai a ɗauka shi ne ya wuce kai tsaye ya liƙe a hanta. Sai dai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, wanda ya bi sawun kitsen da ke cikin hantar masu wannan lalura, ya gano cewa kimanin kashi 59 cikin 100 ya fito ne daga kitsen da ke jibge a jikin mutum, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da abinci mai sitaci, kashi 15 kacal ne ya fito daga maiƙon da aka ci. Wanda ya bar nama ya ci gaba da shan zaƙi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga yadda abin yake faruwa. Bayan an ci abinci jiki yakan fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukari cikin tsoka da kuma hana kitsen jiki narkewa ya kwararo cikin jini. Idan kitse ya taru a cikin ciki, kewaye da hanji, sai jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Daga nan kitsen cikin ya riƙa tsiyaya cikin jijiyar da ke ɗaukar jini daga hanji zuwa hanta kai tsaye, shi kuma jiki ya ƙara yawan insulin don ya cimma buƙata, yawan insulin ɗin kuma ya ƙara ingiza hanta ta mayar da sukari kitse. Shigowa ta fi fita, sai ragowar ta kwanta. Wannan ne dalilin da ya sa fiye da rabin masu ciwon sukari nau'i na biyu suke da kitse a hanta, kuma shi ne dalilin da ya sa mutum mai siraran hannuwa da ƙafafu amma mai tumbi yake cikin haɗari fiye da yadda yake zato. Babbar riga tana ɓoye abu da yawa. Ka ari tef ɗin awo wajen tela, ka tuɓe riga, ka auna tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu bayan ka fitar da numfashi, ba a inda mazagin wando yake zama ba. Idan ya haura santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, to tumbin ya daina zama ɗan ƙarami.

Abincinmu na yau da kullum

Sukarin da muke saya a kasuwa rabinsa gulukos ne, rabinsa furuktos. Gulukos kowace gaɓa ta jiki tana ƙona shi, amma furuktos hanta ce take ɗaukar mafi yawan nauyinsa, kuma idan ya zo mata da yawa a lokaci guda, musamman a cikin abin sha, sai ta mayar da shi kitse. Lemun kwalba na yau da kullum yana ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita tana da wajen giram 50, kimanin cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wanda ga baligi yake kamawa kusan giram 50 ɗin nan, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Roba guda ta cinye kason yini.

Yanzu ka duba yinin ɗan kasuwa a garin nan a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Da safe ya tsaya wajen mai shayi, a kamfato sukari da babban cokali a zuba a kofi, a bi shi da madarar gwangwani, a haɗa da rabin burodi. Da hantsi a kawo masa waina. Bayan azahar ga shinkafa da taliya an cika kwano, ga lemu mai sanyi, in baƙo ya zo shago a sake buɗe wani don kada ya sha shi kaɗai. Da la'asar a dama fura a zuba mata sukari har sai tsamin nono ya ɓace, ko a sha zoɓo ko kunun aya da aka ƙulla a leda. Da dare tuwon shinkafa, sai kwanciya. Duk wannan yini yana zaune a kan benci, in zai je masallaci taku kaɗan ne, in zai koma gida ya hau kabu-kabu ko mota. A cikin wannan jeri babu nama ko tsoka ɗaya, amma shi ne jerin da nake ji kusan kullum daga bakin masu kitsen hanta.

Ita fura kanta ba ta da laifi, gero da dawa ma sun fi farar shinkafa da fulawa alheri nesa ba kusa ba, domin dusarsu tana rage saurin shigar sukari cikin jini. Abin da aka zuba mata ne matsalar. Kuma sauya sukari da zuma ko mazarƙwaila ba ya kuɓutar da hanta, domin ita ma zuma cike take da furuktos, ƙa'idar da na ambata ta lissafa ta tare da sukari. 'Ya'yan itace da aka ci ɗungurungum, irin su lemun zaƙi da gwaiba da kankana, ba su cikin wannan tuhuma idan ba a wuce kima ba, amma da zarar an matse su an zubar da tuƙar sun koma sahun abin sha mai zaƙi.

Ba ina wanke maiƙo gaba ɗaya ba ne. Kitsen dabba da man shanu da manja, idan suka yi yawa, suna ƙara kitsen hanta fiye da man gyaɗa da makamantansa, kuma soye-soye suna ƙara tumbi. Rage su daidai ne. Amma barin jan nama marar kitse da kifi da ƙwai kwata-kwata yakan sa mutum ya cike gurbin da ƙarin tuwo da burodi, ya ƙare a inda ya fi muni.

Magungunan da kake sha

Magungunan hawan jini da aka fi rubutawa a asibitocinmu, irin su amlodipine da lisinopril, ba a san su da tara kitse a hanta ba. Kada ka daina naka. Abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ma ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, ba hantar ba, don haka maganin hawan jinin yana cikin abubuwan da ke kare ka. Haka nan magungunan rage kitsen jini irin su atorvastatin, mai kitsen hanta yana iya shan su idan likita ya rubuta.

Akwai dai magunguna da aka tabbatar suna kawo kitse a hanta, kuma zan rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali don a iya dubawa: amiodarone na daidaita bugun zuciya, methotrexate da ake bai wa masu wasu cututtukan gaɓɓai da na fata, tamoxifen na ciwon dajin mama, valproate na farfaɗiya, da wasu tsofaffin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki irin su stavudine da didanosine, waɗanda an riga an janye su daga tsarin jinya. Waɗannan duka likita ne yake rubuta su, yana sane da illarsu, yana kuma auna ta da amfaninsu, don haka wanda yake kan ɗayansu ya koma wurin wanda ya rubuta masa, kada ya yanke hukunci da kansa.

Waɗanda suka fi damuna su ne dangin sitiroyid, wato dexamethasone da prednisolone, domin su ne ake sha ba da sanin likita ba, sau da yawa ma ba da sanin mai shan ba. Idan majiyyaci ya zazzage mini ledarsa a kan tebur, nakan ga ƙwayoyi huɗu ko biyar an ɓare su daga kwalinsu an ƙunshe a takarda, akwai mai launi biyu, akwai doguwa, sai wata 'yar mitsitsiyar fara da ba a kula da ita. Sau da yawa wannan ƙaramar ita ce sitiroyid, kuma ita ce take sa mutum ya ji kamar an zare masa ciwon gwiwa cikin dare ɗaya, ya koma ya sake saya. Idan aka yi watanni ana sha, tana hana jiki jin insulin, ta ɗaga sukarin jini da hawan jini, ta buɗe cin abinci, ta kwashe kitse daga hannuwa da ƙafafu ta tara shi a ciki da fuska da ƙeya. Fuska ta yi zagaye, fata ta yi laushi tana saurin ƙujewa, wasu jajayen layuka su fito a mara. Ka lura da cewa tumbi da hawan jini da kitsen hanta, duka ukun da kake da su, ƙwaya ɗaya tana iya haddasa su ko ta ƙara musu ƙarfi. Irin wannan ƙwayar ce kuma take cikin magungunan ƙiba da 'yan mata da amare suke sha, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, kuma akwai danginta a cikin wasu mayukan bilicin, waɗanda fata take tsotsewa idan an daɗe ana shafa su a duk jiki.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Idan ka daɗe kana shan haɗin nan kusan kullum, kada ka yanke shi dare ɗaya, domin jikin da ya saba da sitiroyid daga waje yakan rage samar da nasa, kuma yankewa kwatsam tana iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini har ta kai ga halaka. Ka kai ƙwayoyin asibiti a tantance su, in akwai sitiroyid a tsara maka yadda za a rage shi mataki-mataki. Sauran ƙwayoyin haɗin galibi dangin diclofenac ne, waɗanda ba su tara kitse amma suna cin bangon ciki, su taɓa ƙoda, su hana maganin hawan jini aiki. Shi kansa nauyin da kake ji a gefen dama yana iya kasancewa daga nan yake, ko daga matsarmama, domin kitsen hanta yawanci shiru yake yi.

Game da jiƙe-jiƙen gargajiya na basir da shawara da ƙarin kuzari, matsalarsu ita ce ba a san adadin abin da ke ciki ba, wasu suna ƙona hanta kai tsaye, wasu na kwalba kuma cikin barasa aka jiƙa su. Mai kitsen hanta ya ajiye su, har da waɗanda ake tallatawa da sunan wankin hanta.

Sauran dalilai

Giya tana nan a matsayin babban dalili a duniya, kuma idan likita ya yi tambaya a kanta ba zargi yake yi ba, ƙa'idar aiki ce. Ciwon hanta nau'in C yana iya tara kitse da kansa. Nau'in B bai cika yin haka ba, amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da shi, kuma idan ya haɗu da kitse a hanta ɗaya lalacewar takan fi sauri, shi ya sa ba na barin mai kitsen hanta ya tafi ba a gwada shi ba. Akwai raunin aikin ƙululun wuya da ake kira tayirod, akwai rikicewar sinadaran haihuwa da ke sa wa mata tsallaken al'ada da fitowar gashi a haɓa, akwai ɗaukewar numfashi cikin barci ga masu minshari mai ƙarfi. Gado ma yana da hannu, domin a 2008 an gano cewa wani nau'i na ƙwayar halitta mai suna PNPLA3 yana sa wasu mutane tara kitse a hanta fiye da wasu ko da abincinsu ɗaya. Abin mamaki, yunwa ma tana kawo shi: yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu hantarsa cike take da kitse, saboda babu furotin ɗin da za ta yi amfani da shi ta fitar da kitsen, haka kuma wanda ya rame da sauri fiye da kima. Akwai wani nau'in kitsen hanta dabam mai haɗari da ke kama mai juna biyu a watannin ƙarshe, da amai da ciwon ciki da shawara, wannan na gaggawa ne.

Abin da zan so ka yi

Ban ga hotonka ba, ban taɓa cikinka ba, ban kuma ga ƙwayoyin ba, saboda haka ba zan iya yanke maka dalili ɗaya daga wasiƙa ba, kuma a mafi yawan mutane dalilan haɗuwa suke yi. Ka koma wurin likitanka, ko sashen cututtukan ciki da hanta na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da duk abin da kake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. A gwada sukarin jini kafin karin kumallo, da kitsen jini, da ciwon hanta nau'in B da C, da sinadaran hanta da ake rubutawa ALT da AST, da cikakken ƙidayar jini. Daga shekarunka da waɗannan sinadarai biyu da adadin ƙwayoyin daskarar da jini, likita zai fitar da wani lissafi mai suna FIB-4. Idan ya gaza 1.3, da wuya a ce akwai tabo mai yawa, idan ya haura 2.67 sai an zurfafa bincike, abin da ke tsakani kuma yana buƙatar gwajin taurin hanta da na'ura. Kada ka saki jiki don an ce ALT ɗinka daidai yake, domin yakan fito lafiya ko da tabo ya fara.

Maganin da ya fi kowane tabbaci har yanzu shi ne rage nauyi a hankali. Rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin, abin da ya kai 10 kuma yana iya sassauta tabon. Ga mai kilo 80, ana maganar kilo 6 zuwa 8 ne cikin watanni 6 zuwa shekara, ba cikin makonni ba. A Maris 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko na wannan ciwo, amma na masu tabo ne da ya yi nisa, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutane. Kai ka fara da abin sha: lemun kwalba ya fita, shayi da fura su koma babu sukari ko da ɗan kaɗan, ruwa ya maye gurbinsu. Ka rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, ka ƙara wake da kwaɗon zogale da rama da miyar ganye, ka dawo da kifi da ƙwai da nama marar kitse daidai gwargwado. Azumi yana taimakawa idan buɗa-baki bai zama ramuwar gayya ba, domin na sha ganin wanda ya fito daga Ramadan da nauyin da ya fi wanda ya shiga da shi.

Tafiya da ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako, tana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, kuma bayan sallar asuba ne lokacin da zafin garin nan yake bari a yi ta. Na san gwiwa za ta kawo cikas, shi ya sa ita ma take buƙatar a duba ta a asibiti a san ko zaizayewar gaɓa ce ko wani abu dabam, a ba ka maganin da ya dace da mai hawan jini. Kowane kilo da ka sauke kuma sauƙi ne a gare ta. A sake gwaje-gwajen jinin bayan watanni 6. Amma idan kafin nan ka ga idonka ya yi ɗorawa, ko ciki da ƙafafu suna kumbura, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko iyali suka lura kana rikicewa da yawan barcin rana, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi asibiti a ranar.